Iya Hannun Auta

Ranar da Dogo kafinta ya fara zuwa gidan, Auta ce ta buɗe masa ƙofa. Ta dube shi kamar yadda take duban bango. Wata huɗu ke nan da rasuwar babanta, ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba, abinci ma turawa kawai take yi.

A bayan gida itacen inabin Baba na jan ƙasa. Ya sayi katako zai yi masa rumfa, rai ya yi halinsa. Shi ne Umma, mahaifiyar Auta, ta kira Dogo ya yi aikin.

"Kwana uku na gama, Umma," in ji Dogo.

Ina! Sati uku ya kwashe. Yau ya manta zarto, gobe ƙusa ta ƙare, kuma kullum Auta ce ke riƙe masa bakin igiyar awo. Rannan ya turo mata saƙo:

"Autar Umma, rumfa ta kusa, ni kuma ba na son gamawa. Ki yarda in turo manyana."

Ta karanta sau biyu, ta mayar masa: "Ban ƙi ka ba. Ba na jin komai ne kawai."

"To zan jira."

Ranar da aka gama, Baffa, ƙanin marigayi, ya zo gani. Dogo ya shige ƙarƙashin rumfar zai nuna masa, sai ji kake ƙum! Goshinsa ya daki katako.

"Wannan ne mai neman 'yarmu?" in ji Baffa. "Kafintan da ko tsayin kansa bai iya aunawa ba? Ko rage katakon ka yi, ka yi gaba da saura? Ga ɗan abokina injiniya yana ta naci."

Dogo ya shafa goshi. "Ban rage ba, Baffa. Marigayi ya riga ya ja layi da fensir a kowace dirka. Na ga bai kamata in gyara masa awo ba."

Auta ta matso. A dirkar farko akwai wuri ɗaya da Dogo bai shafa wa fenti ba. Rubutun Baba ne, a karkace yadda ya saba: "Iya hannun Auta."

Ta ɗaga hannu. Ta taɓo saman rumfar ko ɗage ba ta yi ba.

A nan kukan ya zo mata, na watannin nan gaba ɗaya. Baffa ya juya yana share ido da bakin riga, bai ƙara ambaton injiniya ba.

Inabin na kaiwa saman rumfa aka ɗaura aure. Da suka zo sallama, Umma na zaune a inuwarta.

"Sunkuya, Dogona," in ji Auta.

Bai ji da wuri ba. Ƙum!

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Umma ta daɗe tana sauraren dariyar nan kafin ta iya magana.

"Allah ya yi muku albarka. Kai kuma kar ka kuskura ka ɗaga rumfar nan."