Tsohon Kwandon Daddawa

Can a wani zamani, wata mata ta so ta yi wa mijinta daddawa da hannunta. Tsohuwar maƙwabciyarta ta ara mata kwando.

"Kada ki wanke shi, 'yata. Akwai ƙananan halittu a jikinsa, ido ba ya ganinsu. Kowanne da hannun riƙewa da bakin yanka. Su ke sa kalwa ta yi laushi."

Matar ta shinshina kwandon, ta ce a ranta, "Halittu ko asiri?"

Ta wanke da toka, ta sake wankewa da tafasasshen ruwa, sannan ta zuba dafaffiyar kalwarta ta rufe.

Kwana uku, kalwa da tauri. Kwana biyar, kalwa da funfuna. Ta zuba wa awaki, awakin ma suka shinshina suka wuce.