Bikon Malam Erizal

Ranar Asabar, goma sha ɗaya ga Nuwamba, 2017, gari ya waye da yayyafi a Payakumbuh, irin wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Yusnidar na guga a falo, mijinta Erizal yana gaban madubi yana shafa wa gashin bakinsa baƙin rini. Malamin lissafi ne, shekararsa hamsin ba ɗaya. Tun da 'yarsu ɗaya tilo, Nelvi, ta yi aure ta tafi Pekanbaru, ya sauya: ya sayi matsattsen wando da kyamara, ya shiga cikin tsofaffin ɗalibansa masu shirya fim. Da yammacin ranar za a nuna fim ɗin barkwanci da ya rubuta musu.

Gidan na uwar Yusnidar ne, kamar yadda ya kasance na kakarta. A garinmu gida na mata ne, miji ne ke tarewa. A nan aka kawo Erizal yana ango shekara ashirin da huɗu da suka wuce. Tsohuwar, wadda kowa ke kira Amak, ta fito tana jan ƙafar hagu, makullan gida ɗaure a bakin mayafinta.

"Sutan, ka shafa har ƙeya," in ji ta, da sunan girmamawar da ake kiran suruki. "Furfurar ta fi yawa inda ba ka gani."

Ya yi murmushi, ya ce mata an ajiye mata kujera a sahun gaba.

Zauren taron ya cika. Labarin wani magidanci ne da ya tsufa a gidan matarsa bai taɓa kafa ƙusa a bango ba sai da izini. Minti biyar da farawa surukar cikin fim ta fito tana jan ƙafar hagu, makullai na kaɗawa a bakin mayafinta. Mayafin kuwa na Amak ne, ruwan ƙasa mai zaren zinariya. Yusnidar da hannunta ta ciro shi daga akwati wata uku baya, da ya ce suna neman tsohon kaya. Ba ta tambaye shi me za a yi da shi ba.

Zauren ya ɗauki dariya. Sai kawun gida na cikin fim ya shigo, mai fara gaisuwa tun shinkafa na tururi, bai gama ba har kyanwa ta kwanta a faranti. Kowa ya gane Kawu Bahar, ƙanen Amak, wanda maganar gidan ke hannunsa. Mutane suka daina kallon allo, suna miƙa wuya su ga sahun gaba. Amak ta rufe ido, haka ta zauna har aka kunna fitila.

Bayan isha'i Kawu Bahar ya tara su a falo. Ranar bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce an karɓi mutum da mutunci, an ba shi ɗaki, an ba shi suna, shi kuma ya kwashe sirrin gida ya kai kasuwa. Erizal ya ce wasa ne, kowane gida akwai irinsu, mutane kansu suke yi wa dariya.

"Kansu? Ƙafar yayata ce a jikinsu?" in ji Kawu. "Baƙo ne kai a gidan nan, Sutan. Mun daɗe ba mu tuna maka ba, shi ya sa ka manta."

Erizal ya juya wajen matarsa. "Yus, ke ma haka kike gani?"

Ta dubi uwarta, ta dubi mijinta, ta sunkuyar da kai. Ya jira. Da bai ji komai ba ya shiga ɗaki ya haɗa jaka ɗaya, ya tafi gidan yayarsa a cikin ruwan.

A garinmu namiji ne ke yaji, kuma ba ya dawowa da ƙafarsa. Sai dangin mace sun je biko, kawu a gaba, da tiren tagulla mai ganyen sirih, ganyen taunawa da ake miƙawa don girmamawa. Wanda ya dawo ba a je bikonsa ba, ba zai ƙara ɗaga kai a gari ba. Kawu Bahar ya rantse ba zai ɗauki tiren nan ba.

Mako shida Yusnidar ta yi tana jira fushi ya sauka. Sannan ta je da kanta, duk da ta san zuwanta ba biko ba ne. Ta same shi a barandar yayarsa yana duba takardun ɗalibai. Rinin ya koɗe, furfura ta fito fara tas.

Ta roƙe shi ya biyo ta, ya durƙusa gaban Amak, a wuce wurin. Ya ce in ya shiga gidan haka kawai, gari zai yi ta yi masa dariya har ya mutu.

"Uda," in ji ta, kamar yadda take kiransa tun suna amarci, "kai da ka tara gari ya yi wa uwata dariya, kai ne kake tsoron dariya?"

Ya ajiye biro. "Kin kalli fim ɗin har ƙarshe?"

"Ina wurin ai."

"Kina wurin, amma fuskar Amak kike kallo. Shekara ashirin da huɗu fuskarta kike kallo."

Ta ce in yana da magana, me ya hana shi faɗa mata a ɗaki? Ya ce wane ɗaki, wanda tari ma ana ji daga falo? Da ta tashi tafiya ya gaya mata zai ajiye aiki ƙarshen zango, wani abokinsa ya samar masa koyarwa can nesa a tsibirin Batam. Ba ta yi kuka ba sai a cikin motar haya, ta juya fuska wajen taga.

Ya tafi a watan Janairu. Fim ɗin kuma ya shiga wayoyi. Masu sayar da barkono suka koma kiran Amak da sunan surukar fim, a bayan idonta da farko, daga baya har a gabanta. Ta daina zuwa kasuwa, ta daina zuwa karatun mata na ranar Laraba. Yusnidar ke dafa mata, ke matsa mata ƙafa, ba ta taɓa ambatar sunan mijinta ba. Nelvi ta yi ta bugo waya tana kuka, tana cewa an raba ta da ubanta saboda fim. Sau biyu Kawu Bahar ya zo da maganar a je kotu a raba auren, ya ce mace mai gida da gona ba ta rasa miji. Duka biyun ta zuba masa kofi, ta ce tana da miji.

Wata safiya bayan ƙaramar salla, Amak ta ce a kawo mata fim ɗin nan ta gani. Ta ce gari duk ya san yadda aka zage ta, ita kaɗai ce ba ta sani ba. Yusnidar ta jingina waya da kwalbar sukari, suka zauna.

Amak ba ta motsa ba har aka zo kusa da ƙarshe. An zo neman auren 'yar magidancin. Kawu da manyan gida suna falo suna yanke magana, shi kuma uban yarinya yana zaune a matakalar bayan kicin da faranti a cinya, yana kasa kunne ko zai ji sunan wanda zai auri 'yarsa. Kaza ta zo ta sace masa kifi. A zauren, nan aka fi dariya.

Amak ta ce a mayar. Aka mayar.

"Ranar neman auren Nelvi ce," in ji ta.

"Ita ce, Amak."

"Ni na ce a kai masa abincinsa baya. Falon ya cika."

"Ni kuma na kai masa."

Tsohuwar ta kife wayar a kan tebur. Sannan ta ce haka aka yi wa mijinta, haka aka yi wa ubanta, babu wanda ya shirya fim. Yusnidar ta ce haka ne.

Kwana uku bayan haka Amak ta sa aka sauko da tiren tagulla, ta wanke shi da tsamiya da kanta, ta aika a kira ƙanenta. Kawu ya tuna mata rantsuwarsa. Ta ce ya yi kaffara, azumin kwana uku ba zai kashe shi ba, ga tumbi. Ta ce maganar gida tasa ce, amma gidan nata ne, kuma ba za ta mutu ta bar 'yarta tana cin abinci ita kaɗai ba.

Da ya fita yana huci, ta dubi Yusnidar.

"Kada ki ɗauka na yafe. Ya dawo ya zauna a falo, ya ci a falo. Amma ni da shi sai gaisuwa."

Ba a biko ta waya, kuma ba a kai tire gidan haya a Batam. Sai Erizal ya dawo gidan yayarsa ya zauna a ranar da aka sa, a je a same shi. In bai zo ba, Kawu zai tsaya da tire a ƙofar mutane a banza, daga nan kuma babu sauran magana.

Yusnidar ta zauna rubuta masa. Takardar farko duk zargi ce, ta yaga. Ta biyu duk ban haƙuri ce, ita ma ta yaga, don ba ita kaɗai ta yi laifi ba. Haƙurinta na wata takwas ya buɗe ƙofa, amma bai mayar wa Amak da ƙawayenta na ranar Laraba ba, bai kuma mayar wa Erizal da aikinsa ba. Abin da miji da mata suka kasa faɗa wa juna a hankali, wata rana zai fito a inda bai kamata ba, ya taɓa wanda bai kamata ba. Shi ya yi laifin faɗa a gaban gari, ita ta yi laifin rashin tambaya tun yana gabanta.

A ta uku ta rubuta layi huɗu. Ta sa ranar, Lahadi, biyar ga Agusta, bayan azahar. Ta ce Kawu zai zo da tire. Ta ce Amak ba ta yafe ba, kada ya zo yana tsammani. A ƙarshe ta rubuta: "Na kalla har ƙarshe, Uda. Ban yi dariya ba."

Kwana tara takardar ta yi a jakarta. Ran na goma ta sauka a gidan waya, ta bi layi bayan wata mai aika wa ɗanta busasshen nama. Ma'aikacin ya tambaye ta ta gaggawa ko ta yau da kullum. Ta ƙirga kwanakin da suka rage a yatsunta, ta ce ta gaggawa, ta tura masa ambulan ɗin ta ƙarƙashin gilashi.