Mako Hamsin da Ɗaya

A bakin rijiyar gundumarmu, Aldwick, Enoch ya fara ganin Keziah, sai guga ya kuɓuce masa ya faɗa ciki.

"Sabon ɗan ƙodagon Baba ke nan? Mun shiga uku," ta ce tana dariya.

Kafin girbi, ita ke ɓoye masa burodi da cuku.

Sai dai a zamanin, dokar gundumomin coci ta ɗaure talaka tamau. Inda aka haife ka nan ne naka, sai ka yi wa mutum ɗaya aiki shekara cur kafin wata gunduma ta karɓe ka. Enoch kuwa kowa ya ɗauke shi ɗan Thorley, maƙwabtanmu.

Mista Tuffin, mahaifin Keziah kuma mai kula da gunduma, ya sallame shi a mako na hamsin da ɗaya. Wayon manomanmu ke nan, tir!

"Baƙo ba ya auren 'yata," ya ce, ya hana ta ko leƙen ƙofa.

Ta aika masa 'yar takarda: "Enoch nawa, numfashi ma wuya yake mini a gidan nan. Ka zo zagayen iyaka ran Alhamis. Ka yi shiru, ka bar ni da Baba. Taka, Kezi."

Ranar kowa ke fita, al'adarmu ce duk shekara. Limamin coci na gaba, muna biye muna dukan duwatsun iyaka da sanda. A makiyayar bakin rafi 'yan Thorley suka tare mu, yadda suka saba, wai makiyayar tasu ce.

"Baba, wai a rafi iyakarmu ta tsaya?" Keziah ta tambaya, sai ka ce ba ta sani ba.

"Ƙarya suke! Har bayan wancan kangon namu ne tun kakan kakana. Liman, rubuta!"

Liman ya rubuta.

"A kangon nan aka haifi Enoch, Baba."

Liman ya yi gyaran murya: "To, Mista Tuffin, ko ka bar musu makiyaya, ko ka karɓi Enoch a matsayin ɗan gida."

Tsohon ya dubi Enoch, ya dubi ciyawa, ya daɗe a kan ciyawar.

"Thorley ba za su ci ko tsinke ba," ya ce da ƙyar.

Lahadi uku aka yi shelar auren, ba wanda ya kawo suka. A ƙofar coci Enoch ya raɗa mata, "Kezi, da ciyawa aka sayo ni fa."

"Ni na sayo ka," ta ce, hawaye na zuba.

Allah ya bar su tare, ya albarkaci zuriyarsu.