Ɗan Ramin da ke Bayan Rauta

A wata makarantar sakandare a Gwaram akwai wata yarinya 'yar aji uku mai son kwamfuta ƙwarai. Ko an tashi tara, a ɗakin kwamfuta ake samunta.

Malam Ashiru ne ke kula da ɗakin. Ya nuna wa ɗalibai babbar kwamfutar da ke kusurwa, ya ce sunanta uwar garke, a cikinta ake ajiye darussa da tambayoyin jarrabawa. Ya kuma nuna musu wani ɗan akwati mai korayen fitilu. Wannan shi ne rauta, shi ke haɗa sauran kwamfutocin da uwar garke.

Yarinyar ta haddace kalmomi da yawa. Sai dai ba ta son a ce akwai abin da ba ta sani ba.

Wata Talata aka kira Malam Ashiru taro a Birnin Kudu. A ranar ne 'yan aji shida za su yi gwajin jarrabawar shiga jami'a, har da yayarta Hidaya. Suna zama gaban kwamfutoci sai haɗin ya katse. Shugabar makaranta ta kira malamin a waya, ta miƙa wa yarinyar, wadda ke ɗakin kamar kullum.

"Ki yi wa rauta ristat," in ji Malam Ashiru. "Kin gane? Zan kashe waya, an fara taro."

"Na gane, Malam."

Alhali ba ta gane ba. Ta juya rauta, ta ga wani ɗan rami a bayansa, an rubuta riset a gefe. Ta ɗauka duk abu ɗaya ne. Ta zare fil ɗin hijabinta, ta danna ciki.

Fitilu suka mutu, suka dawo. Amma ko kwamfuta ɗaya ba ta ƙara ganin uwar garke ba. Aka jira har azahar, sannan aka sallami kowa ba a yi gwajin ba.

A gida Hidaya ta ƙi cin abinci, domin sati biyu ta yi tana shiri. Yarinyar ta kasa jurewa. Ta sami Inna a madafi, ta faɗa mata komai.

"Me ya hana ki cewa ba ki gane ba?" in ji Inna.

"Kunya na ji."

"To gobe ki je ki faɗa wa malaminku da bakinki. Amma fara ba yayarki haƙuri."

Washegari ta faɗa masa gaskiya. Malam Ashiru ya ce, "Ristat kashewa ce a sake kunnawa. Riset kuwa goge duk saitin da aka yi ne. Tunda ke kika goge, tare za mu mayar."

Kwana uku ba ta fita tara ba. Suka sa wa rauta sabuwar kalmar sirri. Suka ba kowace kwamfuta adireshinta. Duk kalmar da ta shige mata duhu sai ta tambaya, ta rubuta ma'anarta da Hausa. Ranar Litinin 'yan aji shida suka yi gwajinsu lafiya, Hidaya ta ci da kyau.

Bayan wata biyu aka shirya gasar makarantu a Birnin Kudu. Malam Ashiru ya tafi da ita tare da wasu ɗalibai. Aka ba kowane ɗalibi kwamfuta uku, aka ce ya gano wadda ta fita daga haɗi ta hanyar fing.

Ba ta taɓa jin kalmar ba. Ta ɗaga hannu ta tambaya. Wasu suka yi mata dariya. Alƙaliyar gasar ta ce fing ɗan saƙo ne da ake aika wa kwamfuta, a ga ko za ta amsa.

Ta aika. Biyu suka amsa, ɗaya shiru. Ta duba, ta ga an sauya wa kwamfutar adireshi. Ta gyara kafin kowa ya gama, waɗanda suka yi dariya kuwa suna ta laluben wayoyi.

Ita ta zo ta ɗaya, aka ba ta kofi. A motar komawa Gwaram ta rungume kofin, ɗalibai suna ta waƙa. Malam Ashiru ya juyo ya ce, "Ku riƙe wannan, yara. In ba ku gane abu ba, ku tambaya. Cewa ban sani ba ba abin kunya ba ne."