Ɗakin da Baba Ya Gina

Ranar Asabar ɗin da Baba Job ya miƙa wa Tobiya makullin ɗaki, ranar ce komai ya lalace. Ba wanda ya lura, domin ana ta guɗa.

Tobiya ne ɗan fari, kuma a gidansu ɗan fari ba ya kai amarya gidan haya. Uba ne ke gina masa ɗaki a cikin gida, da hannunsa in yana da sauran ƙarfi. Baba Job, tsohon direba mai ciwon baya, ya yi rani guda yana buga tubalin laka. Ya shafe da siminti, ya yi fenti shuɗi. Ɗakin yana can ƙarshen gida inda ƙasa ta gangara, wurin da Tobiya yake kama kwaɗi yana yaro, kafin mutanen wannan lungu na unguwar Yelwa su cike kwarin da shara da yashi su sa masa suna fili.

"Ka gani?" in ji Baba, yana bubbuga bangon da tafin hannu. "Kai kana karanta gini a Zariya, ni ina yin shi a Jalingo!"

Aka fashe da dariya.

Tobiya bai yi ba. Gindin bangon yake kallo. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a jami'a, yana karanta tarihin gine-gine da tsara birane. Ya san dalilin da ya sa magabata suke kafa gari a kan tudu su bar wa ruwa kwari. Har darasi guda aka yi musu a kan garuruwan da suka girma suka hau hanyar ruwa, da abin da ya biyo baya. Ya ci jarrabawar da maki mai kyau.

Keziah, wadda zai aura, ta mintsine shi a gwiwar hannu.

"Furofesa, ka ce mun gode mana!"

Ya durƙusa. "Mun gode, Baba."

Da yamma ya sami mahaifiyarsa, Mama Mabel, tana tsince wake a bakin kicin.

"Mama, ɗakin nan a kan hanyar ruwa yake."

"Wane ruwa? Tun yaushe rabon da mu gan shi?"

"An yi gine-gine daga sama, ko'ina siminti. Ruwa ba shi da inda zai shiga ƙasa. Ranar da aka yi mai yawa, tsohuwar hanyarsa zai nema. Kuma laka ce a ciki, in gindin ya jiƙe..."

"Tobiya!" Ta ajiye faifan. "Likita ya ce Babanka ya kwanta, ya ce sai ɗansa ya sami ɗaki. Da rarrafe yake shiga ɗakinmu in ya tashi aiki. Kana so ka ce masa bai yi ba? To ka fara tona masa rami tukuna."

"Mama..."

"Kuma kada in ji ka tsorata 'yar mutane da maganar makaranta. Ka ji ni?"

Ya ji ta. Masu karatu sun iya samo wa tsoro suna mai kyau. Tobiya ya kira nasa ladabi.

Aka ɗaura aure bayan bikin Ista. Keziah ta so ɗakin kamar ita ta gina shi. Ta ɗinka labule, ta dasa rama a gefen taga, kullum da safe ta kai wa Baba kunu tana kiransa "injiniyana". Tsohon har ya fara tafiya a miƙe.

Damina ta kankama. Wani duhu-duhu ya fito a gindin bangon baya, kamar inuwa, yana hawa a hankali. Tobiya ya jingina kwalayen littattafansa a wurin, don kada ido ya gani. Idonsa yake nufi.

A watan Agusta aka kira shi Zariya ya kare aikin bincikensa a gaban malamai. Da safen da zai tafi, Keziah ta kama shi tsugune yana shafa bangon.

"Me kake shafawa a nan kullum? Ko ya fi ni laushi ne?"

"Kezi... da za ki je Abbare ki ɗan zauna wurin Mamanki, har in dawo?"

"Amarya ta kulle ɗaki ta koma gida? Kafin in sauka daga keke-napep an gama cewa mun yi faɗa!" Ta matso ta riƙe masa fuska da hannu biyu. "Tobi, masoyina, kalle ni. Akwai wani abu ne? In akwai dalili, ka faɗa, yau ɗin nan zan tafi."

Ya buɗe baki. A waje, dab da taga, Baba yana share ƙofar ɗakin da tsintsiyar kwakwa, yana waƙar coci ƙasa-ƙasa, yana tari.

"Ba komai. Kaɗaici nake ji miki."

"Ina da Baba, ina da Mama, wane kaɗaici?" Ta yi dariya, ta ɗauko masa jaka. "Waɗannan kwalayen fa, haka za ka bar su a ƙasa?"

"Ki kula mini da su. Su ne dukiyata."

"Au! Ni kuma fa?"

"Ke ce raina."

"Ka tsira. Je ka cinye su, Furofesa!"

Ya cinye su kuwa. Ranar Laraba ya tsaya a gaban malamai cikin kwat ɗin aurensa, waya a kashe, ya yi bayani a kan unguwannin da aka gina bisa kwarin da aka cike. Bai yi gargada ba ko sau ɗaya. Wani tsohon malami ya ce rabonsa da jin ɗalibin da ya fahimci ruwa haka ya daɗe. Har tafi aka yi masa.

Da ya fito ya kunna waya, kiran Mama ya shigo kafin ya sauka daga matakala.

"Tobiya... ka zo gida."

"Mama, na ci! Ba wa Kezi wayar!"

Daga can nesa yana jin kukan mata.

"Mama?"

"Tun hantsi ake ruwa. Ta baya ya shigo, kamar kogi. Duk mun fito, mun hau barandar gaba, ita ma ta fito, wallahi ta fito! Sai ta ce, littattafan Tobi! Na riƙe ta, ta fizge. Ta miƙo mini kwali ɗaya, ta koma ɗauko na biyu..."

Bai tambayi sauran ba. Ya san yadda bangon laka yake yi in gindinsa ya sha ruwa. Babi guda ya rubuta a kai.

Bayan an binne ta, mutane suka watse da kujerunsu. Tobiya ya tarar da Baba zaune a kan tarin laka, guntun bango mai shuɗin fenti a cinyarsa. Cikin 'yan kwanaki tsohon ya koma rabinsa.

"Tobiya, zo. Kai ka karanta gini." Baba ya ɗago kai. "Faɗa mini gaskiya, kada ka ji tausayina. Hannuna ne? Ni na kashe 'yata?"

Mama tana tsaye a bayansa. Ta kalli Tobiya, ta sunkuyar da kai.

"A'a, Baba. Ruwa ne. Ba wanda zai iya sani."

Baba ya kama hannunsa ya ɗora a goshi, yana kuka, yana sa masa albarka. Tobiya ya tsaya ya karɓa. Wannan ma ladabi ne.

Kwalin yana nan har yau. Ko ɗigo bai taɓa littattafan ba. Keziah ba ta yin aiki rabi-rabi. Tobiya ya fita da sakamako mafi kyau a ajinsu, yanzu shi ke koyar da darasin. Duk shekara yakan tsaya gaban 'ya'yan mutane, waɗanda bai san sunayensu ba, ya yi musu bayanin kwari da tudu dalla-dalla, su rubuta, su ci jarrabawa.

In ya dawo Jalingo yakan je inda take kwance, ya cire ciyawa, ya zauna. Ba ya addu'a mai tsawo. Magana ɗaya ce, gajeriya, ba ta buƙatar digiri, kuma akwai safiyar da aka riƙe masa fuska da hannu biyu aka roƙe shi ya faɗe ta.

"Kezi, ɗakin nan a kan hanyar ruwa yake. In hadari ya taso ki fita, ki bar komai."