Hannun Malama Yerim

Ranar da Yerim ta fara aiki a cibiyar koyar da fasaha ta unguwar masunta, da shuɗin fenti a kumatunta ta shiga ofis, ba ta kuma sani ba. Saurayin da ke kula da rajistar ɗalibai ya ɗago ya kalle ta, ya sunkuyar da kai, ya sake ɗagowa yana kokawa da dariya.

"Ke ce sabuwar malamar zane, ko?"

"Ni ce. Yaya aka yi ka gane?"

"Kumatunki ya riga ki gaisuwa," ya ce, ya miƙa mata hankici da hannu biyu.

Dohwan ke nan. Tun daga ranar ya raɗa mata Mai Shuɗi, ita kuwa kafin wata uku ta koma ce masa Yaya, har tana rasa inda za ta sa idonta idan ya shigo aji da butar shayi.

Ajinta na tsofaffi ne, Talata da Alhamis da safe. Yawancinsu kakanni mata ne da suka ƙarar da ƙuruciyarsu wajen feɗe kifi da shanya shi, yanzu suna koyon riƙe burushi suna tsokanar juna. Cikinsu har da kakar Dohwan, Kaka Malsun, wadda komai aka ce ta zana sai ya fito kamar kabeji.

Kowane tsoho a garin yana son tanadar hoton da za a ajiye gaban masu ta'aziyya ranar da ya tafi. Sai dai mai hoton kasuwa yakan fito da mutum fuska a murtuke. Shi ya sa wata rana Kaka Bunrye ta ja Yerim gefe ta ce ita dai zane take so, wanda za a ga tana dariya. Yerim ta zana mata. Daga nan aka manna takarda a ofis, mai so ya sa sunansa.

Kaka Bunrye ta rasu wata biyu bayan an gama zanenta. Baba Chilseong ya bi ta. Sanyi bai wuce ba Kaka Okja ma ta tafi. Mutum uku Yerim ta zana, gidan makoki uku ta shiga, ko'ina kuwa aikin hannunta ne ke kallonta da baƙin ƙyalle a kusurwoyinsa.

Hyesu, malamar kiɗan ganga, wadda ta daɗe da sa ido a kan Dohwan, ita ta fara ƙirgawa da yatsu a ɗakin shayi.

"Ni fa ban ce komai ba. Ɗaya, biyu, uku. Ƙirga kawai na yi."

Ba ta ce komai ba ɗin, amma kafin mako ya zagayo har masu sayar da kifi sun ji cewa hannun malamar zane ba na alheri ba ne. Aji mai mutum goma sha takwas ya koma shida. Su ma shidan, da ta ɗauki fensir sai ka ga ana jan hula ana rufe fuska.

Ita Yerim ta yi makaranta, ta san maganar banza ce. Amma sanin bai hana gabanta faɗuwa ba, domin akwai abin da babu wanda ya sani. A ƙasan jakarta akwai littafi cike da fuskar Dohwan: yana dariya, yana hamma, yana cin taliya. Sau ashirin da bakwai ta zana shi a ɓoye. Yanzu ko minti goma ya yi bai amsa saƙo ba, sai ta sake aika masa wani.

"Yaya, ka isa gida? Ka amsa mini ko da harafi ɗaya ne."

"Na isa, Mai Shuɗi. Mota ba ta taka ni ba, ƙayar kifi ba ta maƙale mini ba. Ki ci abinci, kin ji? Ranar Lahadi za mu je wurin Mama."

Ranar Lahadi ta sa rigarta mafi kyau, ta sayi kwalin 'ya'yan itace, ta rusuna har goshinta ya kusa taɓa ƙasa. Da ta miƙa kwalin, mahaifiyar Dohwan ta kalli hannun, ta mai da nata baya.

"Ajiye a can."

"Haba Mama," Dohwan ya ce.

"Kai, rufe mini baki. Yarinya, ba ni da faɗa da ke, kina da ladabi. Amma teku ta cinye mini miji, ɗa ɗaya ya rage mini, ga tsohuwa a gidan. Ba zan iya kwana da fargaba in tashi da ita ba. Ki yi haƙuri."

Yerim ba ta ji haushinta ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Tsoron da ta gani a idon matar, irinsa ne take gani a madubi.

A hanya Dohwan ya riƙe mata hannu gam, na daman, wanda ake magana a kai. "Ni wannan hannun nake so ya riƙa zuba mini miya har in tsufa," ya ce. Ta yi murmushi, ta ji sanyi kaɗan.

Sanyin bai kai ko'ina ba. Ranar Talata ta shiga ofis ɗaukar takardu, idonta ya faɗa kan jerin masu son zane. Suna ɗaya ne ya rage a ciki, na Kaka Malsun. Yau an ja layi an soke shi, a gefe kuma ga sa hannun Dohwan.

Hyesu na tsaye bakin ƙofa tana juya cokali a kofi. "Ayya, kin gani? Kada ki ga laifinsa. Kakarsa ce fa."

Yerim ta shige ɗakin ajiyar fenti ta rufe ƙofa, ta kira Dohwan a waya.

"Kai ka soke sunan Kaka?"

"Ni ne."

"Ashe kai ma ka yarda da abin da ake faɗa."

"Ban yarda ba, na rantse. Akwai dalili, amma na yi alkawarin ba zan faɗa ba. Ki ba ni lokaci, Mai Shuɗi."

"Kada ka sake kirana da sunan nan."

Ta sha kuka har ta gode wa Allah. Daga nan ta rubuta takardar barin aiki, ta ce Alhamis ce ranarta ta ƙarshe, za ta koma birni inda babu wanda ya san hannunta.

Ranar Alhamis ajin wayam, babu kowa. Tana tattara burusanta sai ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda. Kaka Malsun ce, ta ci ado da rigar bikinta mai ruwan hoda, an nannaɗe mata gashi, har da jan baki. Bayanta surukarta ce, mahaifiyar Dohwan, fuska ba annuri, sai Dohwan yana zare ido. Tsofaffin da suka ƙaurace wa aji kuwa sun yi cirko-cirko a taga.

Kaka ta ja kujera ta zauna. "Malama, zana ni."

"Kaka, ki rufa mini asiri. Ba zan iya ba."

"Inna, don Allah mu koma gida," mahaifiyar Dohwan ta ce.

"Ke, zauna. Ku ma na taga ku shigo, munafukai, kun fi kowa son labari." Ta juyo ga Yerim. "Ɗauki fensir, ina magana kina aiki."

Yerim ta ɗauka. Layin farko ya karkace, ta goge.

"Bunrye ƙawata ce tun muna 'yan mata," Kaka ta ce. "Ranar da ta roƙe ki zane, daga asibiti take, likita ya gama gaya mata. Chilseong zuciyarsa ta daɗe da kumbura. Okja kuwa ni na raka ta aka duba ta. Duk sun ɓoye wa 'ya'yansu don kada a kwantar da su a hana su zuwa aji. Ba zanenki ya kira musu mutuwa ba, 'yar nan. Sun ji ta tafe ne, suka nemi wanda zai bar wa jikokinsu fuskarsu tana dariya."

Yerim ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, sai kuma wani sabo ya danne ta. Fensirin ya tsaya cak.

"Kaka... to ke me ya sa kika sa sunanki?"

Dohwan ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na girgiza.

"Kin ga wancan sakaran? Shi ya kai ni asibiti watan jiya, na sa shi ya rantse ba zai faɗa ba. Sai ya je ya soke sunana, wai kada in tafi a ce ke ce. Wai shi mai dabara."

Mahaifiyar Dohwan ta zube a gabanta tana kuka. "Inna! Shi ne kika ɓoye mini?"

"Ga shi na faɗa, gaban shaidu, tun kafin a sa fenti. Duk wadda ta sake cewa hannun yarinyar nan ne, ko ina kabari sai na zo na ja mata kunne." Ta share wa surukarta hawaye da bakin hannun riga. "Likita ya ce zan ga furannin bazara. To ina son in ga biki tare da su. Malama, ci gaba, kuma ki rage mini tamojin nan, ba duka nawa ba ne."

Yerim ta zana tana hawaye tana dariya. Ba ta taɓa jin tsoron wani aiki kamar wannan ba, ba ta kuma taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba.

Da yamma saƙon Dohwan ya shigo. "An yafe mini? Zan iya kiran sunan?"

"Kira, Yaya. Kuma akwai wani littafi da zan nuna maka, amma kada ka yi dariya."

An yi bikin a zauren cibiyar, itatuwa sun yi fari fat da fure. 'Yan aji goma sha biyar ne suka ƙawata bango da zanensu, har da kabeji guda uku na Kaka. Hyesu ce ta buga ganga, ta kuma buga da gaske. Kaka Malsun ta rame, amma da hannunta ta watsa wa amarya busasshiyar magarya a cinya kamar yadda al'adar garin take, tana cewa, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu iya zane fiye da ni."

Sai aka zo wurin miƙa wa uwar ango kofi. Yerim ta durƙusa, ta ɗago shi da hannu biyu. Matar ta karɓi kofin ta ajiye gefe, ta kamo hannun daman Yerim ta riƙe cikin nata, ta daɗe ba ta saki ba.

"'Yata," ta ce, "idan kin huta, ni ma ki zana ni. Amma ki bi a hankali, ni ba sauri nake ba."