Gishirin Maman Kosi

Hayaƙi ya cika bukkar Maman Kosi, ruwan gishiri yana ta tafarfasa a faranti uku. 'Yarta Sedami na zaune nesa da murhu da littafi a cinya, tana kare rigarta kada ta ɗauki wari.

"Yaron nan naki, Jijoho, yaushe zai zo in ga idonsa?" uwar ta tambaya tana tura itace.

"Mama, karatu ya yi mana yawa. Sai an gama jarrabawa."

"Tun bara ake gama jarrabawar nan."

Mu mutanen Jegbaji da ke bakin teku, gishiri ne gadonmu. Mata su kankaro ƙasar gaɓa, su tace ta a manyan kwanduna, su dafa ruwan har ya zama fari fat. Da shi Maman Kosi ta riƙe 'ya'yanta tun rasuwar mijinta, da shi ta kai autarta jami'a a Kalabi. Abin haushi, a ajin farko na ilimin muhalli aka fara koya wa yarinyar cewa masu dafa gishiri ne ke cinye itatuwan gaɓa, waɗanda kifi ke ƙyanƙyasa a saiwoyinsu. Tun daga lakcar nan ta shiga ce wa kowa uwarta 'yar kasuwa ce mai saro atamfa a Lome. Har Jijoho, ɗan ajinsu da ke shirin aurenta, abin da ya sani ke nan.

Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Ran nan malaminsu ya ce ajin zai fita ganin ɓarnar daji da ido, bas kuma bai tsaya ko'ina ba sai Jegbaji. Sedami ta saka hular rana da baƙin tabarau, ta maƙale a bayan ɗalibai. Bukkoki sun fi a ƙirga, amma ƙafar malamin ba ta kai su ko'ina ba sai ta uwarta.

Maman Kosi ta fito da idanu jajur. Ta hangi 'yarta, har fuskarta ta fara washewa, sai ta ga yarinyar ta juyar da kai. Tsohuwar ta haɗiye murmushin.

Jijoho yaro ne mai kirki, sai dai sabon shiga boko ya fi barkono zafi. Ya nuna tarin itacen.

"Iya, kin san abin da kike yi kuwa? Kina ƙona abincin jikokinki. In dajin nan ya ƙare, teku zai shigo har ɗakinki."

"Na ji, ɗana."

"Ji kawai? Sedami, zo ki ɗauki hoto, wannan zai shiga rahotonmu."

Sedami ta ɗaga waya, ta ɗauki uwarta tsaye kusa da itacen kamar ɓarauniyar da aka kama. Maman Kosi ta ɗebo ruwa ta bi ɗaliban ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan 'yarta sai ta ce, "Sha, 'yar mutane." Sedami ta karɓa, kanta a ƙasa.

In da kunya tana kisa, da ranar an yi jana'iza. Amma maimakon ta gyara, sai ta ƙara zurfafa ramin. Da lokacin ƙwanƙwasa ƙofa ya zo, ranar da dangin saurayi ke fara zuwa neman aure, ta roƙi baffanta na Wida a yi a gidansa mai siminti, a ce uwarta ta yi tafiya. Baffan, da ma mai son a sani ne, ya yarda. Maman Kosi ta ce kawai, "Yadda zai fi miki daɗi."

A wajenmu gwaggon ango ita ce wuƙa da nama. Gwaggo Ayaba, yayar mahaifin Jijoho, ta iso da tawagarta, aka zuba ruwa a bakin ƙofa, aka zazzauna. Tana cikin lissafa tanadin da suka fara na kayan aure sai ta ce:

"Gishiri ma na riga na sayo. Ni ba na kai wa amarya na kanti, da ƙafata na je Jegbaji. Na samu wata baiwar Allah, hayaƙi ya gama da idanunta. Da ta ji sunan ɗana da na amarya, sai ta mayar da wanda ta auna, ta shiga ciki ta fito da wani fari kamar auduga. Tana ɗaurewa tana hawaye. Na ce lafiya? Ta ce hayaƙi ne."

Baffa yana ta ƙifta wa Sedami ido, amma ta zube a gaban matar.

"Gwaggo, ba hayaƙi ba ne. Uwata ce."

Jijoho ya miƙe a hankali.

"Wace uwar? Ta Lome?"

"Babu ta Lome. Wadda ka yi wa faɗa ce, na ɗauke ta hoto."

Yaron ya koma ya zauna, ya dafe kai da hannu biyu. Gwaggo Ayaba ta gyara ɗaurin zaninta.

"Yarinya, ni 'yar mai soya ƙosai ce, ban taɓa ɓoye ta ba. Ba gishiri ne ya dame ni ba. Wadda ta iya kallon uwarta ta ce ba ta san ta ba, ranar da ɗana ya talauce me za ta ce? Ku tashi mu tafi."

Da yamma zemijan, wato ɗan acaɓa, ya sauke Sedami a Jegbaji, ta shiga bukkar da rigar bikin a jikinta, ta rungume ƙafafun uwarta tana kuka. Maman Kosi ta ce, "Tashi, farantin can zai ƙone." Iyakar faɗan ke nan, ya kuwa fi duka ciwo.

Gwaggo ta hana Jijoho maganar aure, shi ma ya yi watanni ko gaisuwa ba ya yi wa Sedami. Ita kuwa ta tashi gaban aji ranar gabatar da rahoto, hoton nan yana bango, ta ce, "Wannan mahaifiyata ce. Gaskiya ne daji yana ƙarewa, amma da itacen nan na zo ajin nan." Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, ta shanye. Duk Asabar tana gida, tana shuka 'ya'yan itacen gaɓa a taɓo, tana gina wa mata murhun laka mai cin itace kaɗan. Wasu suka karɓa, wasu suka ce 'yar boko ta zo koya wa kaka tuwo.

Wata Asabar sai ga Jijoho ya naɗe wando ya shigo taɓon. Sai da ya fara zuwa ya durƙusa gaban Maman Kosi, ya roƙe ta gafara.

"Ai gaskiya ka faɗa, ɗana," ta ce. "Muryar ce ta yi yawa."

Damina ta zagayo kafin Gwaggo Ayaba ta sauko. Wannan karon a bukkar aka zuba ruwan maraba, ta zauna a kututture hayaƙi na shiga mata ido.

"Maman Kosi, ke aka yi wa laifi. In ba ki yafe ba, babu aure. Ranar da ta ƙi ki a gaban mutane, yaya kika ji?"

Tsohuwar ta tura itace a wuta.

"Kunya na ji. Amma ba don ta ƙi ni ba. Yarinyar nan tun tana ƙarama rana ke sa mata ciwon kai. Ina kallonta tsaye a tsakiyar rana, ga inuwar ɗakin uwarta, ban isa in ce ta shigo ba."

Sedami ta kifa kanta a cinyar uwar. Gwaggo Ayaba ta share ido ta ce a sa rana, ita kam ba ta ɗora wa hayaƙi laifi ba.

'Yan makaranta, ku ji da kyau. Ilimi zai nuna muku kuskuren iyayenku, wannan aikinsa ne. Amma duk ilimin da ya sa ka kasa cewa "ga uwata" a gaban jama'a, ba ka gama karanta shi ba.